Kumburin da Ya Sauka Wuya

Wani yaro ne a ajinta ya fara lura, ranar Litinin da safe. Auta tana tsaye gaban allo tana zana musu kifi, sai ya ɗaga hannu, bai ma jira an ba shi izini ba.

"Anti, alawa kika ɓoye a kumatu?"

Ajin ya ɗauki dariya. Ita ma ta so ta yi, amma da ta buɗe baki sai wani abu ya soke ta can ƙarshen muƙamuƙin dama, ya bi ta kunne ya haye har tsakar ka. Allin ya karye a hannunta. Ta ce musu su ƙarasa wutsiyar kifin da kansu, ta koma kujera ta zauna a hankali, hannu ɗaya a kunci, ɗaya a kan ciki.

Ita ce ƙarama a gidansu, shi ya sa ake ce mata Auta, sunan kuma ya biyo ta har gidan miji. Shekararta ashirin da bakwai, cikinta wata bakwai. Wannan ne na uku. Na farko ya zube yana wata uku, na biyu ya kai wata biyar, har ta fara jin motsinsa, sannan wata rana ya yi shiru. Tun daga nan ta zama mai tafiya kamar tana ɗauke da ƙwai a faranti. Ba ta tsallake kwata, ba ta ɗaga bokiti, ko rigar jariri ɗaya ta hana a saya.

Haƙorin kuwa ya fi wata yana damunta. Irin na can ƙurya ne, wanda ba ya fitowa sai mutum ya girma. Ya huda dasashi ya leƙo da kai, sai ya tsaya, bai fito ba bai koma ba. Wata 'yar tsoka ta rufe rabinsa, abinci yana maƙalewa a ƙarƙashinta. Da can zugi yake ya lafa. Yanzu ya daina lafawa.

Mijinta direban motar daddale hanya ne, kamfaninsu ya kai su aiki nesa, sai ƙarshen wata yake leƙo gida. Daga ita sai surukarta a ɗakuna biyu da falo, a hawa na biyu na wani dogon gini. Mama take kiranta, kuma ba don kara ba. Matar nan ce ta wanke ta a ɓari na farko da na biyu, ita ta zauna a bakin gadonta tana ba ta shayi a cokali lokacin da ta ƙi magana da kowa.

Da ta dawo daga makaranta, Mama ta kama haɓarta ta juya fuskar wajen taga.

"Buɗe mu gani. Ash, ya yi ja. Zauna nan."

Ta daka kanumfari, ta haɗa ruwan gishiri mai ɗumi. Auta ta kurkure ta tofar a kwano, sai ga ɗan jini da wani abu rawaya-rawaya.

"Mama, shugabar makaranta ta ce wai in je wajen likitan haƙori."

Mama ta ajiye kofin da ƙarfi. "Da wannan cikin? Ita shugabar taku ta taɓa haihuwa? Ba a taɓa haƙorin mai ciki, 'yar nan. A gidan da muka fara zama akwai wata maƙwabciyata, ƙatuwar mace mai ciki, lafiyarta ƙalau. Ta je aka cire mata haƙori da safe, kafin la'asar jini ya ɓalle mata. Da hannuna na naɗe abin a zane. Wata biyu ya rage miki. Ki daure, ki sauka lafiya, sannan in kin ga dama su kwashe bakin gaba ɗaya."

Auta ba ta yi gardama ba. Gaskiyar magana, abin da take so ta ji ke nan. Tunanin ta kwanta a kujera wani ya soka mata allura, maganin ya bi jini ya isa inda ɗan yake, shi kaɗai ya isa ya hana ta zuwa. Da mijin ya kira da yamma ya ji muryarta wani iri, ta ce masa mura ce.

Ranar Talata ta koyar da rabin baki. Ranar Laraba ta kasa tauna burodi, sai da ta jiƙa shi a shayi. Zugin ya koma kamar ana buga ƙusa daidai da bugun zuciyarta, bakinta yana wani ɗaci mai wari da ita kanta take ji. A hanyar dawowa ta tsaya a kantin magani na bakin titi. Mai kantin, wani dattijo mai tabarau a ƙarshen hanci, ya dubi kumatun, ya dubi cikin, ya tura mata farasitamol kawai.

"Abin da zan iya ba ki ke nan, 'yata. Wannan ya wuce ni. Ki hau mota yanzu ki je a duba miki."

"Ranar Talata ina da awo, Baba. Zan gaya musu."

"Talata da nisa," in ji shi. Har ta kai ƙofa yana kallonta ta saman tabarau, bai kira na bayanta ba.

Ranar Alhamis ta tashi ta ji abin mamaki. Zugin ya tafi. Ta taɓa wurin da harshe, ta jira sukar, ba ta zo ba. Nauyi kawai take ji, kamar an cusa mata auduga a gefen fuska. Ta fito falo tana murna.

"Ba na faɗa miki ba?" in ji Mama. "Ya fashe ya huce. Da kin bi ta shugabar taku, da yanzu muna wani zancen."

Sai wajen karin kumallo ta ga cokali ya ƙi shiga. Ta buɗe baki iya ƙarfinta, haƙoran sama da na ƙasa suka rabu kaɗan suka tsaya, kamar ƙofar da aka tokare ta baya. Ta karkata cokalin ta zura shi a kwance. Mama tana wajen murhu, ba ta gani ba, ita kuma ba ta faɗa ba.

A madubin banɗaki ta ga kumatun ya ɗan saɓe. Amma kumburin bai tafi ba, sauka ya yi. Ƙarƙashin muƙamuƙinta ya cika, layin da ke raba fuska da wuya ya ɓace a gefen dama. Ta danna da yatsa. Ba taushi, ba zafi sosai, tauri kawai da ɗumi. Ta ɗauko gyale ta naɗe wuyan, ta aika wa shugabar makaranta saƙo cewa jiri take ji, ba za ta samu zuwa ba.

Yinin nan sanyi ya riƙa kama ta ana tsakar rana. Ta lulluɓa da bargo tana karkarwa, can kuma gumi ya jiƙe ta. Da ta kishingiɗa sai ta ji kamar wani ya ɗora mata tafin hannu a maƙogwaro, ba ya matsawa, ba ya kuma ɗagawa. Ta tashi zaune, hannun ya sassauta. Ta jera matasan kai uku ta jingina. A haka gari ya waye mata ranar Juma'a, a zaune.

Da safen nan yayanta ya zo. Mai gyaran famfo ne, tun makon jiya Mama take masa ƙorafin famfon kicin yana ɗiga. Tun daga matakala ake jin muryarsa da ƙarar jakar ƙarafunansa.

"Ina masu gidan? Mama, ina kwana? Ina uwar 'yan biyu? Ko har yanzu tana barcin masu kuɗi?"

Auta ta fito tana dafa bango, da ƙyalle a hannu. Miyau ne ya dame ta. Tun asuba ta kasa haɗiye shi, in ta gwada sai ta ji kamar tana haɗiyar fasasshiyar kwalba, don haka take tare shi da ƙyalle.

"Sannu da zuwa, Yaya," ta ce.

Ita kanta ba ta gane muryar ba. Ta fito a daƙile, kamar mai magana da dankali mai zafi a baki. Yaya yana durƙushe gaban famfo, ya juyo da sifana a hannu, dariyar da ya shirya ta tsaya masa a fuska.

"Me kika ce?"

"Na ce sannu."

Ya miƙe. "Cire gyalen nan."

"Haƙori ne," in ji Mama daga bayansa. "Ya ma yi sauƙi, tun jiya ba ya mata zugi."

"Auta, na ce ki cire."

Ta warware. Mama ta yi salati a hankali. Kumburin ya tsallaka zuwa hagu, ya cika ƙarƙashin haɓa daga kunne zuwa kunne, fatar ta yi ja tana sheƙi. Yaya ya kunna fitilar wayarsa ya haska ta 'yar kafar da ke tsakanin haƙoranta. Harshenta ya taso sama ya kusa manne da ganɗa, kamar wani abu yana tura shi daga ƙasa.

"Mama, ni ban yi karatun likita ba," ya ce, muryarsa ta sauka. "Amma in bututu ya daina tsiyaya a inda na san yana tsiyaya, alhali ban gyara ba, ba na murna. Ruwan bai tsaya ba, wata hanya ya samu cikin bango. Ɗauko mata takalmi."

"Kai ɗan nan, cikin fa? In suka taɓa ta..."

"Yaushe rabon da ki ji motsinsa?" ya tambayi ƙanwarsa.

Auta ta tsaya. Ta lissafa baya. Jiya da rana ya ɗan shure ta sau ɗaya, a raunane. Bayan nan fa? Ciwon ya cinye mata hankali har ba ta lura ba. Ta ɗora hannu biyu a cikin ta jira. Falon ya yi tsit, sai ɗigar famfo a cikin roba. Ta ɗago ta dubi Yaya. Mama ce ta fara juyawa ta shiga ɗaki neman takalmin.

Asibitin haƙorin yana saman wani shagon sayar da fenti, ana hawa ta wata siririyar matakala. Auta ta huta sau uku kafin ta kai. Ɗakin jira ya cika: wani mutum ya dafe kunci da tawul yana jijjiga ƙafa, wata mata da 'yarta mai waya a haƙora, wani tsoho yana barci da baki buɗe. Daga ciki ana jin kukan injin, siriri, yana tashi yana sauka. Ko'ina warin magani.

Matar da ke kan tebur ba ta ɗago ba. "Kuna da alƙawari? In babu, ku ɗauki lamba. Mutum tara ne a gabanku, likita kuma ɗaya ce yau."

"Baiwar Allah, ki dube ta dai," in ji Yaya.

"Kowa a nan ciwo ya kawo shi, Malam. Sunanta?"

Auta ta matso ta faɗi sunanta da kanta. Alƙalamin matar ya tsaya. Ta ɗago ta dubi wuyan, ta dubi ƙyallen da ya jiƙe sharkaf, ta dubi cikin. Ba ta rubuta komai ba. Ta tashi ta shiga ciki ba tare da ta ƙwanƙwasa ba. Kukan injin ya ɗauke.

Wannan shirun ya fi komai tsorata Auta.

Likitar ta fito da kanta, wata gajeruwar mace mai furfura a goshi, tana cire safar hannu. Ta kama Auta a gwiwar hannu ta shigar da ita. Wani saurayi yana kwance a kujerar aiki da auduga a baki, aka ce masa ya ɗan koma waje, ya fita yana zare ido. Auta ta zauna. Mai taimaka wa likitar ta kai hannu za ta kwantar da kujerar.

"Kar ki kwantar," in ji likitar da sauri. "Bar ta a zaune."

Ta taɓa ƙarƙashin haɓar da yatsu biyu, dama da hagu. Ta ce Auta ta buɗe baki. Yatsa ɗaya ne ya shiga, da ƙyar. Ta haska, ta daɗe tana kallo. Sannan ta sunkuyo ta kawo kunnenta kusa da wuyan Auta ta saurara.

"Tun yaushe kika kasa haɗiyar miyau?"

"Asuba."

"Kina iya kwanciya?"

Auta ta girgiza kai.

"Wata nawa?"

Ta ɗaga yatsu bakwai.

Likitar ta ɗauki waya ta koma wajen taga. Ba ta ɗaga murya ba, amma Auta ta tsinci wasu kalmomi: mai ciki, numfashi, ɗakin tiyata, minti ashirin. Ta dawo ta rubuta takarda a tsaye, ta miƙa wa Yaya.

"Babban asibiti, ɓangaren gaggawa. Suna jiranku. Kar ku biya gida, kar ku tsaya sayen komai. Kar ta kwanta a mota, kar a ba ta ko ruwa."

"Ba za ki cire shi a nan ba?" in ji Yaya.

"Maganar ta wuce haƙori. Ƙwayar cuta ta bi ta ƙarƙashinsa ta shiga naman wuya, mugunya ta taru a ƙasan harshe. Shi ya sa zugin ya tafi, ta samu wurin bazuwa. Yanzu tana tura harshen baya, bayan harshe kuma nan ne hanyar iska."

Mama ta matso. "Likita, don Allah, ki ba ta magani ta sha ya lafa. Wata biyu ne kawai. Sau biyu tana ɓari, wannan ne ya zauna. In aka yanka ta..."

Likitar ta dube ta, ba da faɗa ba. "Mama, ɗan da ke cikin nan ba shi da hanci nasa tukuna. Da iskar da uwarsa ta shaƙa yake rayuwa. In hanyar ta rufe, ta rufe musu su biyu. Ba wata biyu nake lissafi ba, awoyi nake lissafi. Da ranar Litinin kuka zo, da a kujerar nan zan wanke wurin in ba ta maganin da ba ya taɓa ciki, ta koma gida." Ta juya ga mai taimaka mata. "Bi su. In numfashin ya canza a hanya, ki kira ni."

Motar Yaya ta aiki ce, bayanta cike da bututu da igiyoyi. Auta ta zauna a gaba ta dafa gaban motar ta miƙa wuya, don a haka kawai iskar take wucewa sosai. Mama da ma'aikaciyar suka matsu a baya. A mahaɗar titi ta biyu suka tarar da cunkoso, wata babbar mota ta mutu a tsakiya. Yaya ya danna ham ya ƙi saki. Masu talla suna zagaya motoci, wani ya miƙo mata ruwan sanyi ta taga, ya ga wuyanta, ya janye hannunsa.

A nan ta fara jin sautin. Duk shaƙar da ta yi sai wani siririn fito ya biyo, kamar iska tana shiga ta kafar taga. Ta ɗauka daga injin ne. Sai ta ga ma'aikaciyar ta ciro waya tana dannawa da sauri, ta gane daga ina yake fitowa.

Yaya ya dube ta sau ɗaya. Ya murza sitiyari ya hau gefen titi, ya bi ta gaban shaguna, mutane suna tsalle suna zaginsa, bututun baya suna kwaramniya. Mutumin da ba ya minti biyar bai yi barkwanci ba, har suka isa bai ce uffan ba.

A ƙofar gaggawa mutum huɗu suna tsaye da kujera mai taya. Daga nan komai ya riƙa gudu: fitilun rufi suna wucewa, an maƙala mata abu a yatsa, an soka allurar ƙarin ruwa a hannu, an ɗora mata robar iska a fuska. Wani dogon likita ya tsuguna a gabanta don idonsu ya daidaita. Ya ce shi ne mai sa barci. Ya ce ba zai iya sa ta barci yadda aka saba ba, don in ta yi barci harshen zai faɗa baya. Zai fesa mata magani a hanci, ya zura siririn bututu ta nan har ya wuce kumburin, tana farke. Sai bututun ya zauna sannan za ta yi barci, a tsaga ƙarƙashin haɓa a fitar da mugunyar, a cire haƙorin. In bututun ya ƙi wucewa, za su buɗe hanya ta wuya.

Aka miƙo takarda da alƙalami. Auta ta ture. Ta nuna cikinta, ta nuna kunnenta.

"Malama, lokaci..."

Ta sake nuna cikin. Idonta bai bar nasa ba.

"Ku kira ungozoma," ya ce. "Da gudu."

Ungozomar ta zo da 'yar na'ura a hannu. Ta ɗaga rigar, ta shafa wani abu mai sanyi, ta ɗora. Sai shuuu, kamar rediyon da bai kama tasha ba. Ta matsa hagu. Shuuu. Ta matsa ƙasa, ta danna. Auta ta san wannan neman. Haka aka yi ta yi a ciki na biyu, aka kira wata, aka kira wani, sannan kowa ya daina kallonta. Fiton da ke maƙogwaronta ya ƙara tsini. Mama tana bakin labule ta toshe baki da gyale.

Ungozomar ta koma can gefen dama, kusa da ƙugu. Sai ga shi, ƙasa-ƙasa, da sauri kamar gudun ɗan doki.

"Yana nan," ta ce. "Yana gudu fiye da kima, zazzaɓinki ne ke dafa shi. Amma yana nan."

Auta ta jawo takardar ta sa hannu.

Yaya ya sunkuyo ya ce ya samu shugaban aikin mijinta a waya, an je a kira shi daga kan mota. Mama ta kama ƙafarta ta saman zane lokacin da ake tura kujerar, ta bi su taku uku tana cewa, "Ni ce, 'yar nan, ni na hana ki." Auta ta so ta ce mata ba ita kaɗai ba ce, amma babu iskar da za ta kashe a magana. Ƙofar ta rufe.

Abin da ya biyo baya ba ta taɓa ba wa kowa labarinsa duka ba. Ɗacin maganin a hanci, hannuwa biyu riƙe da kanta, abu yana rarrafawa ta bayan fuskarta yana sauka. Likitan yana ta magana a kunnenta, shaƙa, sake shaƙa, kin kusa. Akwai wani ɗan lokaci da ta ja iska ba abin da ya shigo. Ta ga fuskokin da ke kanta sun daina motsi. Sannan wani abu ya wuce, iska mai sanyi ta cika mata ƙirji ba da ƙoƙarinta ba, fitilar ta narke.

Ranar Lahadi ta farka sosai. Bututun yana hancinta, wuyanta a naɗe, wasu 'yan robobi biyu sun fito ta ƙarƙashin haɓa suna tsiyayar da abin da ya rage. Mijinta yana zaune a gefen gado da kayan aikinsa, takalmansa duk busasshen kwalta, idonsa ja. Hannunta ya riga tunaninta zuwa ciki. Tudun yana nan.

"Yana nan," ya ce da sauri. "Jiya naƙuda ta so ta taso, suka ba ki magani ta kwanta. Ɗazu ma sun saurara." Ya murza hularsa a hannu. "Mura kika ce min, Auta."

Ta kama yatsansa ta riƙe.

Ranar Talata aka cire bututun. Kalmar farko da ta fito mata a shaƙe take kamar ta tsohuwa, ruwa ta roƙa. Yaya ya zo da yamma ya tsaya a ƙofa yana kallonta, ya ce ai gara da aka sa mata famfo biyu a wuya, in sun fara ɗiga ta kira shi, ba zai caje ta ba. Ta yi dariya, ɗinkin ya ja, ta dalla masa harara. Shi kuma ya fita baranda ya daɗe bai dawo ba.

Mama ce ba ta dawo daidai ba. Kullum tana nan, ta goge mata jiki, ta gyara matashi, ta riƙe kofi, amma ta daina ba da shawara ko a kan gishirin miya. In nas ta shigo sai ta miƙe tsaye ta koma lungu. Wata rana Auta ta ce mata, "Mama, ko ba ki faɗa ba, ba zan je ba. Tsoro nake ji." Mama ta gyaɗa kai, ta ci gaba da ninke zanen da ta riga ta ninke.

Kwana goma sha ɗaya ta yi. Ranar sallama likitan da ya yi aikin ya ɗaga hoton muƙamuƙinta a jikin taga ya nuna mata da bayan alƙalami. A dama rami ne, inda aka cire. A hagu kuwa, can ƙurya, wani haƙorin yana kwance a gicciye cikin ƙashi, kansa ya tokare na gabansa.

"Ɗan'uwansa ne," ya ce. "Bai huda ba tukuna. Zai iya shekara bai motsa ba, zai iya motsawa wata mai zuwa. Bayan kin haihu ki zo mu fitar da shi. In kuwa kin ji ko ƙaiƙayi a wurin kafin nan, ranar za ki zo, ba washegari ba."

Cikin bai kai ƙarshe ba. Saura mako huɗu naƙuda ta zo, wannan karon ba ta tsaya ba. Ta haifi mace, 'yar mitsitsiya, aka sa ta a kwalba kwana shida saboda numfashi. Babu wanda ya iya ce musu ko ciwon ne ya jawo, ko dama haka za ta zo. Ta rayu dai, ta kama nono, ta fara cika hannu.

Yarinyar tana da wata biyu Auta ta sake hawa siririyar matakalar nan ta saman shagon fenti, don a rubuta mata takardar komawa babban asibiti a cire na hagun. Tabo biyu ne a ƙarƙashin haɓarta, bakinta har yanzu bai gama buɗewa kamar da ba. Matar kan tebur ta gane ta, ta tashi ta leƙa fuskar jaririyar a hannun Mama. Suka zauna a layi kamar kowa. Kusa da su wata budurwa ta dafe kunci, tana gaya wa ƙawarta cewa ita fa da ta sani ba ta zo ba, tun jiya ciwon ya daina.

Mama ta ɗago kai ta dubi wuyan budurwar. Ta miƙa wa Auta jaririyar, ta tashi ta nufi tebur.